Kindirmo da Gaisuwar Tayyib

Assalamu alaikum, Malama Zuwairatu. Ɗana Tayyib ya daina cin abinci tun ranar Laraba, don Allah ki taimaka mini. Shekararsa shida, likita a Katsina ya ce yana da lalurar galahanga, wato autism. Ba ya kallon idon mutum, ba ya gaisuwa. Idan muka je garin Zakka wurin kakansa, sauran jikoki su durƙusa suna gaida tsoho, shi kuwa ya zarce garke ya zauna cikin tumaki. Abin kuwa yana damun tsohon.

To, sai maigida ya gani a waya wai masana sun yi nazarin ƙwayoyin halittar cikin hanji da kwamfuta, sun ga suna da alaƙa da wannan lalura. Shi ke nan ya yanke cewa gaisuwar a hanji ta maƙale. Ya hana tuwon dawa da miyar kuka, wanda shi kaɗai Tayyib yake ci, shi ma sai a koren kwanonsa. Kullum sai ya hau babur ya je ruga ya ɗauko kindirmo a ɗura wa yaro, wai kafin Sallah ya gaida kakansa. Yanzu ko ruwa sai da lallashi. Mutum ne mai son ɗansa, ba na so in karya masa gwiwa, amma yaron ya fara ramewa.

Wata uwa, daga Yasore

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A tuƙa tuwo yau, a zuba a koren kwano. Idan ya ƙi ci har gobe, ko ya ƙi ruwa, ku kai shi asibiti.

Maigida bai yi ƙarya ba, a kanun labarin dai ya tsaya. Aikin masanan lissafi ne: su ba kwamfuta bayanin ƙwayoyin, ita kuma ta yi hasashen sinadaran da suke fitarwa. Ba ta taɓa ba yaro kindirmo ta ga ya durƙusa ba. Sannan yaron da ke cin abinci iri ɗaya kullum, ba mamaki ƙwayoyin hanjinsa su bambanta da na sauran yara. Mai yiwuwa ke nan lalurar ce ta sauya hanjin.

Kindirmo abinci ne mai kyau. A ajiye shi kusa da tuwon, ban da ɗura. Abin da ya rage maigida ya shanye, ai ya sha wahalar babur.

Ranar Sallah kuma a shimfiɗa wa kaka tabarma a bakin garke. Idan Tayyib ya bari kakan ya zauna kusa da shi, tsoho ya karɓa a matsayin gaisuwa.

Allah ya raya mana Tayyib. Batun hanji kuwa ana kan bincike, ba a tabbatar ba tukuna.