Tabon Tawada a Layi na Uku

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni da kike gani, ba wanda ya kama mini hannu. Da kaina na koyi gyaran fiyano, na buɗe shago, na gina gida, na kai ki makarantar kiɗa. Shekara talatin ina kaɗa wa mutane, ba wanda ya taɓa cewa na yi kuskure. Yau ke ce za ki aiko mini da darussa arba'in na littafin koyon fiyano da kike rubutawa, wai in gwada miki. To, na wuce goma sha biyu cikin kwana uku. Wasan yara.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Sha biyun farko ai a gabanka na koya wa ɗalibaina su, kunnenka ya riga ya haddace. Ina labarin na sha uku? Ranar Litinin za a kai littafin wajen bugawa. In babba bai iya binsa shi kaɗai ba, ba zan kai ba.

'Yarka.

Auta,

Kin kama ni. Ban taɓa iya karanta waɗannan ɗigo-ɗigon na rubutun kiɗa ba. Marigayiya mahaifiyarki ce ke duba takarda ta rera mini, ni kuma in ɗauka. Shi ya sa tun rasuwarta nake cewa yatsuna na ciwo. Yanzu ina bi ɗigo bayan ɗigo, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na sha uku ya ci mini yini biyu, na talatin ya sa na zagi fiyano. Kada ki kai littafin tukuna. Kuma ki gyara na arba'in, akwai tabon tawada a layi na uku.

Mahaifinki.

Baba,

Na ɗaga ranar. Wancan ba tabo ba ne, alamar shiru ce. In ka iso wurin, ɗaga hannu ka ƙirga huɗu. Na san shiru zai fi ba ka wuya. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka.

Auta,

Na kaɗa na arba'in ɗin, ba mai rera mini. Sai da na yi shirun na gane waƙar: wadda mahaifiyarki take yi in tana guga ce, nan take jan numfashi. Na ƙirga ya fi huɗu.

Kai littafin. Amma a rubuta sunana cikakke, a ce ni na fara gama shi. A ƙarƙashin sunan mahaifiyarki.

Mahaifinki.