Ƙarfen da Ya Kwaikwayi Kwandon Baba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da bayan nan naka mai ciwo. Yaya ya ce ka rantse ba za ka amsa wasiƙata ba sai na dawo saƙar kwando, wai ɓare salatif ba sana'a ba ce.

Baba, ka saurara. A jami'ar nan muna da wani ƙarfe, bai kai ƙwayar shinkafa ba, hawa-hawa yake kamar shafukan littafi. Nakan manna masa salatif in ɗago a hankali har shafi guda ya biyo. Masu digiri sun gwada, hannunsu rawa yake. Sanyin jikin da kake yi mini faɗa a kansa, shi ake yabo a nan. Daga nan sai a saka shafin a wani firij da in ka tura yatsa ka yi sallama da shi. In sanyi ya kai, sai lantarki ya dinga wucewa ta cikin shafin ba gardama, ba zafi. Ban ce a gwada wa kowa a gida ba.

Ɗanka,
Sannu-Sannu

Baba,

Ina sake gaisuwa, ko da shiru ne amsar. Yaya ƙafar Inna?

Jiya Farfesa, shugabarmu, ta zana a allo yadda ƙwayoyin ƙarfen suka jeru: kusurwa uku, kusurwa shida, kusurwa uku. Bakina ya suɓuce na ce ai gindin kwandon babana ne. Aka yi dariya. Yau na zazzage tufafina daga kwandon da ka ba ni na kawo mata shi. Ta jujjuya shi, ta cire tabarau, ta mayar. Ta hana ni abina, da shi take koyarwa, tufafina kuwa suna ƙasa.

Ga hoton allon. Ka duba ko na bar sana'ar gida.

Sannu-Sannu

Baba,

Ina gaisuwa da farin ciki. Wasiƙarka ta iso. Layi biyu ce, amma na kusa cinye takardar da karatu.

Na isar da saƙonka: idon saƙa na huɗu a zanen ya karkace, amma Wanda ya saƙa ƙarfen gwani ne. Farfesa ta ƙura wa allo ido, ta ɗauki tsumma ta goge.

Tunda ka ce za ka zo ka duba aikin "yaranka", ka taho da rigar sanyi. Wuƙar fiƙe tsinke kuwa, don Allah ka bar ta a gida. Akwai wani ƙaton maganaɗisu a ɗakin aikinmu da ke fizge ƙarfe, ba ya girmama manya.

A gaida Inna.

Ɗanka mai ɓare salatif,
Sannu-Sannu