A Ɗauko Mini Ƙasusuwan Hariton

Ni Minesarkos, manomin zaitun, nake faɗa ana rubutawa. Ƙafafuna sun mutu, amma hankalina garau yake. Kada wani ya je majalisa ya ce tsufa ne ya sa ni sambatu. 'Ya'yana, ku saurari wasiyyata.

Na ɗaya. Gonar zaitun da wurin matsar mai na Kalibiyos ne, babbanku. Gonar inabi ta Telefanis ce. Rijiyar da ke tsakani ba ta rabuwa.

Na biyu. Garkuwata da kwalkwalina na tagulla a kai wa maƙeri ya yi wa ƙanwarku Nikarete tukwane. Tun ban yi gemu ba nake ɗaukarsu. Bana mu yaƙi birnin ƙetaren dutse, baɗi mu yanka rago tare da su mu far wa wasu. Duk Girkawa, harshe ɗaya, alloli ɗaya. Tir da wannan aiki!

Na uku, kuma shi ne ya hana ni mutuwa cikin salama: ƙanenku Hariton, da aka kashe a yaƙinmu da birnin ƙetaren dutse. Kun san al'ada kamar yadda na sani, wanda ya tura manzo neman gawawwakin mutanensa ya amsa cewa ya sha kashi. Shi ya sa jagoran yaƙinmu ya rataye garkuwoyin abokan gaba a kututture, ya ce nasara tamu ce, ya juyo gida ya bar gawawwakin yaranmu a kwari. Aka ɗora masa kambin ganye, aka yi kiɗa. Ɗana kuwa aka bar wa karnuka.

Kai Kalibiyos, jagoran nan na jam'iyyarku ne ta masu hali, kana shan giyarsa, ka ce mini in yi haƙuri kada mutuncin birni ya zube. Kai Telefanis, har na yi zaton kana da zuciya, ina jinka kana kiran sunan Hariton a dandali talakawa na kuka. Ashe jam'iyyarku ma ba ta so a ɗauko su, gawar da ba a binne ba ta fi daɗin huɗuba. Kun ba ni ƙyama, ku duka biyun, kuma ni na haife ku.

To ga umarnina. Ku ɗauki sandar manzo, ku haye dutsen tare, ku tsaya a ƙofar birnin abokan gaba ku ce: "Mun sha kashi, ku ba mu ɗan'uwanmu." A kira ku maciya amana in an ga dama. Ku binne shi kusa da ni, uwarku ta samu kabarin da za ta zuba wa mai da zuma.

Alloli su raya ku, su sa ku ci a akushi ɗaya, kada ku bar gidan nan ya tsage kamar birnin.

Ku hanzarta. Wanda ba a binne ba, ba ya ƙetare kogin matattu. Zan iske yaron nan a tsaye a gaɓa, kuma ba zan shiga jirgin fito in bar shi ba.