Buƙata ta Tara da Abin da Ya Faɗi Tsakanin Na'ura Biyu

Zuwa ga Mai girma Daraktan furojen ruwan sha na karkara, buron Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni ne Malam Sani Ɗan Ladi, shugaban komitin ruwa na Kukar Sambo, cikin ƙasar Gazawa.

Shekarun baya, a kasuwar Gidan Rumji, wani magini ya gaya mini cewa a irin buronku, wato ma'aikatarku, na'urar da ke jin maganar mutane daban, wadda ke zana aikin daban, kuma idan ɗaya ta miƙa wa 'yar'uwarta saƙo, wani abu yakan faɗi a tsakani. Na yi dariya. Na tashi a gidan da ake tatsuniya, na san yadda ake aiken kura da tsoka ta isa da ƙashi, amma ban taɓa jin ƙarfe yana cin saƙo ba. Daga baya wani direban taksi a tashar Agiye ya maimaita mini, na ce a raina direba ne, in babu fasinja dole ya ɗauki labari. Yau ga ni ina rubuto maka kan wannan magana, kaina a sunkuye. Na sa takardar a fili ne domin a fili na yi alkawarin da ya karye.

Na ɗaya. Bayan kakar bara, ma'aikaciyarku ta Gazawa, Madam Rakiya, ta zo muka yi taro a ƙofar Maigari. Aka faɗi buƙatu goma sha biyu, ta rubuta su cikin na'urarta ta ordinatar, kowace da lambarta: tsawon shato, wato tankin ruwa na sama, yawan fanfuna, na mata kusa da wurin sussuka, da sauransu. Ta tara ita ce mashayar dabbobi. Aka buga takarda, Maigari ya danna hatimi, aka yi fatiha.

Na biyu. Arɗo Buba, shugaban ruggar da ke arewa da mu, yana wurin, amma bai kawo tasa maganar ba. Surukinsa na zaune cikin dattawa, Bafulatani kuwa ƙishirwa ta kashe shi ta fi masa sauƙi a kan ya faɗi buƙatarsa gaban suruki. Sai washegari da hantsi ya zo gidana da ƙwaryar nono. Bayan mun gama tambayar shanu da yara da sauro, ya ce mashaya tana da kyau, amma a yi ta bakin burtali, can bayan gonaki, domin in aka yi shuka shanu ba su da fiffike. Na dafa ƙirji na ce ya ɗauka an yi. Na sake faɗa ranar Juma'a a gaban jama'a. A kan wannan magana tawa mutanensa suka fasa yashe tsohuwar rijiyarsu da rani, ta rufta, yanzu ko guga ba ya shiga.

Na uku, kuma nan laifina ya fara. Na kai maganar Gazawa. Madam Rakiya ta ce abin da ya dace a sake buɗe takardar, a gyara lamba ta tara, Maigari ya sake hatimi. Ni kuwa na ji nauyin komawa in ce taron da na jagoranta ya bar baya da ƙura. Na roƙe ta ta nemi wani lungu ta cusa. Ta rubuta a ɗan gurbin ƙarin bayani da ke ƙarƙashin lambar, ta karanta mini, na ce madalla. Na dawo gida ina jin kaina mai dabara.

Na huɗu. Lokacin sanyi aka kira mu Maraɗi mu ga zanen. Aka haska shi a bango: akwatuna da kibau da layuka, kamar gizo ya yi saƙa bayan ya sha fura. Anjiniyanku ya nuna mana jerin buƙatunmu, kowace da koren tabo a gabanta, alamar an biya ta. Na gyara tabarau, na ƙirga tabo goma sha biyu cif. Ranka ya daɗe, ban san ina ne arewa a jikin bangon nan ba. Tambaya ɗaya ta isa, a ce mini ga shato, ga burtali, ga mashaya. Amma matasa cike da ɗaki suna ce mini Baba, an ba ni kujerar gaba da ruwan sanyi, sai na ga tambaya za ta rage mini tsawon gemu. An ce matambayi ba ya ɓata. Ni ban tambaya ba, na sa hannu.

Na biyar. An gama aiki, kuma ba zan ɓoye alheri ba, ruwa yana zuba, mata sun huta da igiya. Amma mashaya tana nan taku arba'in daga gindin shato, tsakiyar gonakin gero da gujiya. Daga bakin burtali zuwa can sai an ratsa gonaki shida, cikinsu har da ta ƙanen Maigari, mutumin da akuya ba ta leƙa masa shinge ta kwana lafiya. Yanzu da rani ne, ƙasa fili, shanu na shiga suna fita. Ranar da aka yi ruwan shuka hanyar ta rufe. Ko shanun Arɗo su kwana da ƙishirwa, ko su taka shuka, kuma kai ma ka san abin da ke biyo bayan wannan a ƙasarmu. Tun zamanin kakannina ba a taɓa zare sanda tsakaninmu da ruggar nan ba.

Na shida. Na koma Gazawa da fushina, Madam Rakiya ta zaunar da ni ta buɗe na'urorin biyu gefe da gefe. Ta farko kamar rumbu ce, ana zuba buƙatu a ajiye. Ta biyu ita anjiniya ke zana shato da tiyo da fanfuna a ciki, yana ɗaure kowane da lambar buƙatarsa. Ana kwashe kaya daga rumbun a juye a ta biyu, sai dai abin da ke ƙetarawa shi ne lamba da suna da gundarin magana. Gurbin ƙarin bayani ba a yi masa mazauni a can ba, saboda haka a baya yake tsayawa. Na gani da idona: a ta farko ga maganar Arɗo zaune daram, a ta biyu lamba tara ba ta ce komai ba sai mashayar dabbobi. Anjiniya ya ga mashaya, ya sa ta inda tiyo ya fi gajarta, na'ura ta yi masa kore. Bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba. An aiki mutum kasuwa da buhu, ba wanda ya gaya masa gindin a huje yake.

To nan ne ƙorafina gare ku. Nawa laifin na ɗauka, biyu ne, na lissafa su da bakina. Amma ku da kuka san buhun, me ya sa kuka bar gurbin da ake rubutu a ciki alhali ba ya isa ko'ina? Me ya sa ba wanda ya ɗauki zanen ya koma rumbun ya gwada, layi bayan layi? Koren tabo ya ce an yi mashaya, bai ce saniya za ta iya kai bakinta ba.

Ga abin da nake roƙo. A ja tiyo zuwa bakin burtali a gina mashaya can kafin ruwan shuka. Haƙan ramin da yashi da tsakuwa a kanmu, na riga na yi magana da Maigari, wannan karon ba ta lungu ba. A gyara hanyar da ke tsakanin na'urorinku yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai isa ɗaya, in kuwa ba zai yiwu ba a toshe gurbin kowa ya huta. Sannan akwai garuruwa a Agiye da Gidan Rumji da ke jiran layinsu. Kafin a kwaɓa siminti, a zo da turaku a kafa a ƙasa, a ce nan shato, nan mashaya. Tsohon da bai iya karanta bango ba ya iya karanta turke. Kuma kada a taɓa Madam Rakiya, ta faɗa mini daidai, ni na lanƙwasa ta.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama da aikin nan lafiya, Ya kiyaye ka da ranar da za ka sa hannu a kan abin da ba ka gane ba.

Saura magana ɗaya. Juma'a uku ina sauya sahu a masallaci don kada mu haɗa ido da Arɗo. Makon jiya ya same ni a ƙofar gida, da ƙwaryarsa kamar kullum. Ya ce kada in sa abin a rai, ya ji a kasuwa wai na'urorin Maraɗi biyu ne, kuma magana takan faɗi a tsakaninsu. Ya san ni na sa hannu, ɗansa ne ya kai ni tasha ranar da muka je Maraɗi. Ya kawo mini labarin ne don in sami abin rufe fuska. Magini ya faɗa na yi dariya, direba ya faɗa na ƙaryata. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe shi ne Arɗo Buba, mutumin da shanunsa ke jiran amsarka.

Wassalam.

Naka,
Malam Sani Ɗan Ladi,
Kukar Sambo, Gazawa.