Muryar Inna a Allon Tasha

Tudun Wada, Kontagora,
Ranar Litinin.

Ƙawata Asibi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Filibus da yara da duk mutanen Bangi. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka kuwa? Kin yi aure kin yar da mu, to ba komai, ni dai ban manta tuwon dawar da kika ƙona mana ba. Tun da aka yanke muku layin waya sai takarda, kuma ko layin yana nan ba zan saka wannan magana a waya ba.

Asibi, Yaya Jabir ya shiga Saura Ɗaya. Ban sani ba ko labarin shirin ya iso muku. Wani kamfani ne ya zagaye tsohon ramin fasa dutse na hanyar Mashegu da katanga, ya tara maza suna gasa ana nunawa a talabijin. Wanda ya rage a ƙarshe za a ba shi gona a cikin shingen da masu bindiga ke gadi. Kin san tun da gonarmu ta zama wurin da ba a zuwa, Yaya ba shi da zance sai na noma. Bai shawarci kowa ba, ya kulle shagonsa na gyaran babur, sai a allo muka gan shi da lamba a ƙirji.

Allon nan a tasha suka kafa shi, kuma da la'asar gari kan kwashe ya koma can, har masu rake da masu awara sun bi kasuwa. Jiya an sa su tsallake ramin a kan katako, kowa da buhun yashi a ka. In mutum ya faɗa, sai mai gabatarwa ya yi murmushi ya ce "ya sauka", a saki kiɗa, a sa tallan sabulu. Wai duk suna asibitin kamfanin ana jinyarsu. To ni dai tela ce, amma Alhaji Baƙo da nake sayen yadi a wurinsa ya raɗa mini cewa motar kamfanin ta kwashe duk alawayyon shagonsa, ta ce a ƙaro wani. Ke ma kin san ba zanen gado ake yi da farin yadi mai yawa haka ba.

Ina jin tsoro ƙwarai. Ki sa Yaya a addu'a a cocinku.

Taki har kullum,
Salihatu


Ranar Asabar.

Asibi tawa,

Bayan gaisuwa, yaya gida, yaya ruwa a wajenku? Na ga saƙon daddawa, Allah ya bar zumunci. Yaya yana nan da rai, yana cikin kaɗan da suka rage.

Mun yi baƙuwa. Wata ma'aikaciyar kamfanin ce mai suna Madina, da buhun shinkafa da ladabi kamar wadda ta zo neman aure. Ta ce kafin gasar ƙarshe akwai abin da suke kira Ranar Gida: a nuna wa kowane ɗan gasa saƙon mahaifiyarsa, a buɗe wata farar ƙofa, wanda ya ga dama ya fita abinsa. Ƙofa ɗaya ke nan a duk shirin. Na ji daɗi har na kusa rungume ta, sai na tuna da walakin, goro a miya.

Ta ajiye waya a tabarma tana ta jan Inna da hira, daga farashin manja sai labarin aurenta, ita kuwa Inna da ta samu mai saurare sai zuba take yi. Da aka zo kan saƙon, Inna ta juya wa wayar gefen fuska ta ce, "A ce wa wancan ya dawo gida. Ba na son gonar." Madina ta ce ta daure ta ambaci sunansa. Inna ta rufe baki da mayafi. Ke da kike yi mana dariya tun muna yara kin san zancen: ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko tuwo sai ta ba ni in miƙa masa. Haka na yi wa Madina bayani. Ta dube ni ta ce, "Ko sau ɗaya?" Na ce ko sau ɗaya. Yadda ta gyaɗa kai bai yi mini ba, Asibi. Shinkafar tana nan a zaure, na hana a taɓa ta.

Jibi ne Ranar Gida. In Allah ya yarda takarda ta gaba albishir ce.

Ƙawarki,
Salihatu


Ranar Talata.

Asibi,

Ina gaishe ki da Filibus da yara.

Jiya na kai Inna tasha. Da aka zo kan Yaya sai ga ta a allo, da ɗankwalinta da tsagar kumatunta, muryar ma tata ce sak. Amma wannan ta allon ta kalli mutane ido cikin ido ta ce, "Jabir, ɗana, kada ka ba ni kunya. Ka tsaya ka kawo mana gonar nan, Jabir." Na'ura suka sa ta ƙera ta daga hirar nan ta tabarma.

Matan unguwarmu suka ɗauki salati, daga nan sai dariya. Turai mai ƙosai ta ce, "Wannan kuma uwar wa? Ba dai ta Tudun Wada ba!" Ni ma na yi dariya, wallahi. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ɓarayi sun bar takalminsu a ƙofa, Yaya zai gane ƙarya ce tun kafin ta rufe baki. Duk tashar haka muka ɗauka.

Aka buɗe farar ƙofar, mutum biyu suka fita. Yaya ya tsaya yana kallon allonsu na ciki. Tun rasuwar Baba ban ga hawayensa ba sai jiya. Ya goge fuska da bayan hannu ya ce, "Na yi furfura a gemu ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba sai yau. Ku rufe ƙofarku."

Asibi, ashe ba kuskure suka yi ba. Sun san abin da yake nema fiye da gona, mu da muke gida ɗaya da shi ba mu taɓa sani ba. Muka hau babur muka je bakin katangar, na yi ta ihu cewa ba ita ba ce har muryata ta dishe, amma lasifikarsu ta fi ƙarfina. Masu gadi suka ce a koma gida a kalla a allo.

Gobe za a saukar da su cikin ruwan ramin su nemo makullin gonar. Yaya ko a kogi bai taɓa iyo ba.

Taki,
Salihatu


Ranar Juma'a.

Ƙawata Asibi,

Ina fatan kuna lafiya. Mu sai haƙuri. Yaya Jabir ya rasu ranar Laraba. Allah ya jiƙansa. Ban kalla ba, kiɗan nan na "ya sauka" kawai na jiyo daga gida na gane.

Jiya da hantsi aka aiko mu je mu karɓe shi, don ba sa ɓoye gawar waɗanda suka kai gasar ƙarshe. Na ce Inna ta zauna, ta ƙi. A bakin katangar akwai wata 'yar taga mai ƙarfe, wani mutum a ciki ya ce sai an faɗi sunan mamaci kafin a fito da shi. Na buɗe baki ke nan Inna ta riƙe mini hannu. Ita ta faɗa. Mutumin ya ce bai ji ba, ta sake faɗa. Muryarta ƙarama ce, ba ta yi kama da ta allon ba ko kaɗan.

Sai da ta gama na ɗaga kai na ga kyamara a saman tagar, jar fitilarta a kunne. Na yafa wa Inna mayafina, amma na makara. Ban gaya mata ba. Tun da safe suke shela a gari cewa yau da la'asar akwai shiri na musamman, kowa ya zo tasha.

Ki zo, Asibi, ko kwana ɗaya ne. Ki gaida Mama.

Taki a kullum,
Salihatu