Yadda Na Dawo Daga Penang Cikin Abaya

Wangsa Maju, Kuala Lumpur,
25 ga Oktoba, 2015.

Zuwa ga Yayata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Hambali da yara baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Ranar Juma'a da muka yi waya na ji kamar tarin ya ragu, amma kin san halinta, ko tana kwance sai ta ce min garau take. Don Allah ki riƙa leƙa ta, ki tabbatar tana shan maganin. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar mana ita. Na kuma ji daɗin labarin Ruƙayyatu ta samu shiga makarantar koyon aikin jinya. Allah ya sa a gama lafiya.

Ni ma nan lafiyar jiki sai godiya. Malamin da ke duba aikin bincikena ya karɓi babi na uku, saura biyu. Abin da ya dame mu shi ne hayaƙi. Wata biyu ke nan ana ƙona dazuka a Indonesiya, iska tana kwaso hayaƙin tana juye mana. Daga tagar ɗakina ba na hango ko layin jirgin ƙasa da ke bayan gidanmu, kowa kuma a titi da ƙyallen rufe hanci da baki yake yawo, yaro da babba.

Yaya, za ki yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna alhali kullum muna waya. Maganar ce ba ta waya ba, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Ke kaɗai kika san abin da nake ɓoyewa, tun ranar da kika same ni a ɗakinki ina ɗan shekara tara, na yafa gyalenki ina kallon madubi. Ba ki dake ni ba, ba ki faɗa wa Baba ba, kika karɓi gyalen kika ninke, kika ce in je in ci abinci. Na ɗauka zai wuce da ƙuruciya. Na yi azumi, na yi addu'a, na tsallako teku na zo ƙasar da ba a san ni ba, amma abin yana nan inda yake. Shekarata biyu a nan ina da wata jaka a ƙarƙashin gado, a cikinta akwai baƙar abaya da hijabi da safa da kwalli. Abokan zamana biyu ba su taɓa sanin da ita ba.

Farkon watan nan na ɗauki jakar na hau motar safa zuwa Penang, tafiyar awa biyar, na ce wa abokan zamana taron ƙara wa juna sani zan je. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki. Kwana uku na yi a can cikin shigar mata. Ba wani abu na aikata ba, Yaya, Allah shaida ne. Kasuwa na shiga, na sayi lemo, na zauna a bakin teku. Da yake kowa ya rufe fuska saboda hayaƙi, babu wanda ya dube ni sau biyu. Wata tsohuwa mai sayar da shinkafa ta kira ni 'yar'uwa da yarensu, ta ƙara min miya. Ban taɓa jin numfashina ya sauka har ƙasa irin na kwanakin nan uku ba. Shi ya sa a rana ta ƙarshe zuciyata ta ƙi yarda in cire kayan. A jirgin sama zan dawo, sai na ce da kaina awa ɗaya ne kacal zuwa Kuala Lumpur, bari in ƙara wannan awa ɗayar, in na sauka sai in sauya. Na zuba wandona da rigata a babbar jaka, na miƙa ta aka wuce da ita cikin kayan jirgi. Wautar da na yi ke nan.

Na san za a duba fasfo, kuma na san a ƙasar nan hukumar addini tana iya kama namiji Musulmi idan ya yi shigar mata. Da na zo gaban jami'in, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce in sauke ƙyallen fuskata. Na sauke. Ya kira wata abokiyar aikinsa suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta ɗaga kafaɗa, shi kuma ya miƙo min fasfon ya ce boleh, wato ba komai, in wuce. Na ɗauka mai wuyar ta wuce.

Ina shiga zauren jira aka sanar cewa hayaƙi ya hana jirage tashi, sai abin da hali ya yi. Na nemi kujera a lungu na zauna. Ban fi minti goma ba na ji ana waya da Hausa a bayana, kuma na san muryar. Hussaina ce, wadda muke kira Maman Hanan, matar Malam Bello shugaban ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa. A gidansu da ke Taman Melati nake cin tuwo kusan kowace Juma'a. Ashe ta je Penang ne duba ƙanwarta da ke aure a can, ga ta da cikin wata bakwai, ita kaɗai. Awa huɗu muka yi a zauren nan, Yaya. Kayana na maza sun tafi cikin jirgi. Banɗakin maza ba zan iya shiga ba, na mata kuma zuciyata ta ƙi. Ƙishirwa ta kama ni, na kasa shan ruwa don sai na sauke ƙyalle. Azahar ta wuce, La'asar ta shigo, ina kallon ƙofofin masallacin filin jirgin guda biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, babu wadda zan iya nufa. Ban taɓa jin na zama abin da ba shi da wurin tsayawa a duniya ba kamar a wannan wunin.

Da aka kira mu, na bari kowa ya shige sannan na bi. Kujerata tana jikin taga, ta kusa da ni babu kowa, na yi hamdala. Ana dab da rufe ƙofa sai ga ma'aikaciyar jirgi ta riƙo hannun Maman Hanan. An ba ta kujera ne tsakanin maza biyu, ta nuna ba ta so, ita kuma ma'aikaciyar ta hango wata baƙar fata mai hijabi, ta ga ai ta yi gwaninta ta haɗa mu. Maman Hanan ta yi min sallama, na amsa da kai. Ta tambaye ni da ɗan guntun Turancinta ko daga Najeriya nake. Na nuna maƙogwarona, na girgiza kai, kamar hayaƙi ya shaƙe min murya. Ta yi min sannu, har ta miƙo min alewa. Na juya fuskata ga taga, na ɓoye hannuwana a cikin hijabi, ina ƙirga mintoci.

Mun kusa sauka matuƙin jirgi ya ce ba a ganin filin, za mu yi ta kewaye a sama. Jirgin ya fara girgiza. Maman Hanan ta damƙi hannuna tana salati, can kuma na ji nauyinta ya dawo kafaɗata. Gumi ya jiƙa mata fuska, tana cewa da Hausa kanta zai fashe, idanunta suna ganin duhu, mararta tana ɗaurewa. Ta sassauta hijabinta don ta samu iska. Ma'aikaciyar ta zo da gudu tare da wata fasinja ma'aikaciyar jinya, suna tambayarta da Turanci wata nawa ne cikin, wane magani take sha, ko ta ga jini. Ba ta gane ko ɗaya ba. Kallonsu kawai take yi tana kiran sunan Allah, su kuma suna ƙara ɗaga murya kamar ƙarar ce za ta sa ta fahimta.

Ban san tsawon lokacin da na yi shiru ba. Wataƙila bai kai minti ɗaya ba, amma ina jin kunyar wannan mintin fiye da komai a labarin nan. Daga ƙarshe na sunkuya na ce mata da Hausa, da muryata da ta sani, ta kwantar da hankalinta, tambaya suke yi ko tana da hawan jini. Ta ɗago ta kalli idona. Na ga lokacin da ta gane ni. Hannunta ya saki nawa a hankali, ta ja hijabinta ta rufe wuyanta duk da halin da take ciki. Sannan ta amsa cewa tana da shi, kuma maganin ya ƙare mata tun shekaranjiya. Na fassara. Haka muka yi ta yi, suna tambaya ina juyawa, tana amsawa ba tare da ta sake kallona ba, fasinjojin gaba suna waiwayowa don su ga daga ina muryar namiji take fitowa. Da muka sauka aka ɗora ta a keken marasa lafiya, aka ce in bi su ɗakin likita na filin jirgi tunda babu mai jin yarenta. Na tsaya har likita ya gama tambayoyinsa, aka yi mata allura, aka ce za a wuce da ita asibiti. Da na ji an ce mijinta yana shigowa, na zame na fita. Na ɗauki jakata, na samu banɗakin da aka ware wa naƙasassu, na sauya kaya. Daga nan na rama sallolina a masallacin maza, ina kuka.

Kwana biyar ta yi a asibiti, ita da cikin duk lafiya, alhamdulillahi. Ni kuwa kwanakin nan ko wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na gama ƙaddara cewa labari zai kai ƙungiya, daga nan ofishin da ke biyan karatuna, daga nan kunnen Inna. Ranar Juma'ar da ta biyo baya Malam Bello ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna ya ce sai mun je gida. A falonsu ya ba ni labarin wata baiwar Allah Bahaushiya mai shaƙaƙƙiyar murya da ta ceci iyalinsa a jirgi, ta ɓace ko godiya ba ta tsaya karɓa ba. Ya ce likita ya faɗa masa da ba a san maganar hawan jinin da wuri ba, da labari ya sha bamban. Ya ce ya yi niyya, in mace aka haifa, sunan matar nan za ta ci, don haka dole a nemo ta. Sai ya miƙo min wayarsa, wai ni na fi shi iya tsara magana, in rubuta cigiya a tura wa duk 'yan Arewa da ke Malesiya. Da hannuna na rubuta cigiyar kaina, Yaya.

Da ya sauka kedai, wato shagon da ke ƙasan benensu, don ya sayo ruwa, Maman Hanan ta yi min magana daga bayan ƙofar kicin, ba ta fito ba. Ta ce ba za ta tona min asiri ba, kuma ba ta manta alherin da na yi mata ba. Amma ta ce na cuce ta. Ta guje wa zama kusa da maza, ta zo ta jingina da ni, ta buɗe wuyanta a gabana, ni kuma ina sane na yi shiru. Ta ce shekara tara da aurensu ba ta taɓa ɓoye wa Malam komai ba, yanzu kullum ya yabi matar nan sai ta ji kamar ƙarya take yi masa. Ta roƙe ni in rage zuwa gidan. Gaskiya ta faɗa. Sannan ta ce in ba ta wani suna da za ta faɗa masa, ta ce ta tuno, ko ya daina nema. Da na ga dama da na ƙirƙiro kowane suna. Amma bakina ya riga ni, na faɗi sunan da nake kiran kaina da shi a zuci tun ina yaro, wanda ko ke ban taɓa faɗa wa ba. Na ce mata Zuhra. Ta ce Allah ya yaye min, ya yaye mata.

Shekaranjiya Malam Bello ya kira ni cike da murna. An yi hoton cikin, mace ce. Ya ce in sha Allahu cikin Disamba za a raɗa wa Zuhra suna, kuma ni ya zaɓa in tsaya kan karɓar baƙi da rabon goro da dabino. Na ce masa to. Saura wata goma sha huɗu in gama karatuna, kuma duk tsawon lokacin yarinyar nan za ta kasance a gabana, ana kiranta ina ji, ba ni da ikon waiwayawa. Ba na neman ki ce min na yi daidai, Yaya. Ki dai rubuto min, ko da layi biyu ne, in san akwai mutum ɗaya da ya san komai kuma bai daina kirana ƙaninsa ba. In kin gama karantawa ki ƙona takardar.

Ki gaishe min da Inna da kyau, ki ce mata ina nan ina yi mata addu'a. Ki gaida Malam Hambali, da Gwaggo Ɗelu, da Ruƙayyatu, da Aminatu da 'yan biyunta, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai kewarki,
Muntasir.