Makullin Malam Muntasir

Samaru, Zariya.

Baban Henry,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya mutanen Kafanchan? Ya ƙafar Mama? Mu nan lafiya lau, mun gode Allah.

Na ga saƙonka, wai in bar maganar lesin nan kada in jawo wa kaina canjin wurin aiki. Ka yi haƙuri, ba zan bari ba. Yara sittin gare ni a aji biyar, arba'in ko sunansu ba sa iya rubutawa. Shi ya sa na nace har kwamitin makaranta ya sa ƙarin awa guda cikin tsarin gyaran makaranta na bana, Litinin zuwa Laraba, ƙarfe huɗu.

Ka san nawa suka zo? Biyar! Duk 'yan cocinmu. Sauran da an yi la'asar sai su wuce Islamiyyar Malam Muntasir, ko kallon ƙofata ba sa yi. Hedimasta har da dariya. Wai in ban tara yara talatin ba kafin Litinin ta sama, ranar da za a kai tsarin ofishin ilimi, zai soke lesin da hannunsa. Makullin ajin ma ya karɓe.

Gobe zan sami Malam Muntasir ɗin nan ido da ido. Yaran ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ka gaida Mama.
Taka,
Scholastica.

Baban Henry,

Ina gaisuwa. Ya tarin naka, da sauƙi?

Na je da faɗana a baki. Dattijon ya sa aka ba ni kujera, ya bar ni na zazzage tas, sannan ya tambayi wanda ya zaɓi ranakun lesin. Ashe Alhamis da Juma'a babu Islamiyya! Shekarata shida ina jin ihun yara a layi a ranakun nan, ban taɓa tambayar dalili ba. Kunya kamar in nutse.

Da ya ji an hana ni aji, sai ya ciro makullin rumfar Islamiyyarsa ya miƙo mini, wai in yi lesin a can a ranakun biyu, da sharaɗin a share wurin in an tashi. Shi da kansa ya sanar da iyaye a masallaci.

Alhamis yara arba'in da bakwai suka cika tabarmi. Kwana biyun nan sunaye kawai muka koya. Nana Hafsat, wadda ke ɓuya a bayan aji, da ta gama rubuta nata sai ta ƙi sakin fensirin. Hawaye na yi, ba na ɓoye maka.

Yau Litinin na ajiye wa Hedimasta takardar sunayen yaran, kowane suna da hannun mai shi, wasu a karkace. Ya fara cewa ai ba a harabar makaranta aka yi ba. Na miƙa masa jan birona, na ce in sokewa zai yi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ya daɗe yana kallon takardar. Bai soke ba. Biron ma bai dawo mini da shi ba, sai ka taho mini da wani.

Taka har kullum,
Scholastica.